Rasuwar 'Yar Shuɗiya, Tabar Lantarkin Mai Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da muƙamuƙin da ya gaji da taunar cingam, mai askin nan na shagon ƙarƙashin bene yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙa masa kai, rasuwar abokiyar zamansa, tabar lantarkin da aka fi sani da 'Yar Shuɗiya. Ta cika ranar Asabar bayan cin abincin rana, a tafin hannunsa, tsakanin askin wani dattijo da gyaran fuskar wani ɗan makaranta. Ta rasu bayan doguwar jinya, wadda mai ita ya yi ta ɓoye wa iyalinsa.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, 'yar ƙarama ce, ba ta wuce tsawon kilifar aski ba. Tana da 'yar kwalbar gilashi a wuya inda ake ɗura mata ruwa mai ƙamshin na'ana'a, da batir a cikinta, da wata siririyar waya da ake kira koyil, wadda ke ɗaukar zafi ta mayar da ruwan tururi. Duk zamanta a duniya ba ta taɓa zubar da toka a kan tawul ba, ba ta huda rigar kowa ba, kuma ba ta taɓa tsayar da baƙo a hanya ta roƙe shi ashana ba. Maganarta kaɗan ce. In an danna ta sai ta ce ƙyat, in an ja ta sai ta ce shhh, in ruwa ya yi mata yawa ta ɗan yi ƙorafi, kur-kur, ta yi shiru.

Ta shigo gidan ne a lokacin da aka fi bukatarta. Mai aski ya fara shan sigari tun kafin gemu ya fito masa, har yatsunsa biyu suka rine. Masu zuwa aski kan riƙe numfashi in ya zo gyaran gashin baki, shi kuwa ko a jikinsa. Matarsa ta yi magana har ta gaji ta zuba masa ido. Abin da ya karya shi autarsa ce, yarinya mai ciwon asma, wadda wata rana ƙirjinta ya toshe aka kwashe ta sai asibiti. Likita ya tambayi wa ke shan taba a gidan. Mai aski ya ce shi ne, amma fa a waje yake sha. Likita ya dube shi ya ce to rigar fa, ita ma a waje take kwana?

Yarinya na kwance tana ji. Tun daga ranar ta ɗauki aikin da ba wanda ya ba ta. Kullum da yamma takan tsaya a bakin ƙofa, in ubanta ya dawo ta sa shi ya durƙusa, ta shinshina wuyan rigarsa, da gemunsa, da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. In ta ji wari sai ta juya wurin uwarta. Yayyenta suka laƙaba mata Kwastan. An daɗe kuwa kaya ba su wuce ba, har sai da 'Yar Shuɗiya ta zo. Likita ya ce ita ma ba a ɗaki za a sha ta ba, kuma rakiya ta zo yi, ba zama ba, aka ce an ji. Ranar da kaya suka fara wucewa, Kwastan ta ɗafe wuyan ubanta ta ƙi sauka har aka kawo abinci. Shi kuwa ya ce gashin aski ne ya faɗa masa a ido. Wannan rungumar ta bakin ƙofa ita ce babban aikin alherin marigayiya, kuma ita ce abin da ake tsoron a binne tare da ita.

Shaidar da za a yi mata ita ce haƙuri. Ta sha cizo a baki duk ranar da wani ya zauna aka gama masa aski tsaf sannan ya ce ba haka yake so ba. Ta faɗa cikin kwanon wanke kai, ta fito ta bushe ta ci gaba da aiki. Ta kwana a aljihun wando tare da makullai. An manta ba a sa ta a caji ba sau ba adadi, ba ta riƙe kowa a zuci ba, sai dai ta ƙifta jar fitilarta a hankali kamar mai neman afuwa.

Marigayiya ba ita kaɗai ta zo ba, wannan kuwa shi ne abin da ke ƙara wa makokin nauyi. Matar mai aski mace ce mai hangen nesa. Ƙaninta direban babbar mota ne, shi ke sayo irin waɗannan kaya daga gari mai nisa, don a unguwar ba mai sayarwa. Shi ya gaya mata cewa ba mai hankalin da ke hawa doguwar hanya babu safaya. Sai ta sa ya kawo biyu iri ɗaya. Ɗaya ta shiga aljihun maigida, ɗayar kuma, wadda ake ce wa Ƙanwa, aka bar ta a kwalinta, aka ɗora saman kwabar kaya bayan barguna. Matar ta sha faɗa wa maƙwabta cewa wannan kwalin ne ke sa ta yin barci da minshari.

Ciwon ajali ya fara da koyil. Wata safiya marigayiya ta ba da ɗanɗanon ƙonannen tsumma, direba kuwa yana kan hanya. Mai aski ya jira matarsa ta tafi kasuwa, ya taka kujera, ya sauko da kwali, ya cire koyil ɗin Ƙanwa. Aro ne, in ji shi, da zarar direba ya dawo za a mayar. Bayan 'yan makonni marigayiya ta zame daga kan kantar madubi, gilashinta ya tsage, aka sake taka kujera. Sai zoben robar da ke hana yoyo. Sai bakin da aka cinye da cizo. Daga ƙarshe tsohon batir ya daina riƙe wuta, aka jefar da shi, aka ɗauko na Ƙanwa. Kowane karo yakan rufe kwalin da kyau, ya mayar bayan barguna daidai inda yake, har ya gyara musu zama. Direba ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, ya zauna a kujerar shago an yi masa aski kyauta, amma mai aski bai taɓa buɗe baki ya ce a kawo masa kaya ba. Ya san faɗa wa ƙani faɗa wa yaya ne, shi kuma ba ya son a ce masa ba ya iya riƙon abu. Kullum sai ya ce wani zuwan. Da na sani ƙeya ce, ba kuwa wanda ya kai mai aski yawan kallon ƙeya, amma bai ɗauki darasi ba.

Ranar Asabar ɗin, ya danna ta ta ce ƙyat, ya ja, babu shhh. Ya sake ja. Ta ce kur, can ƙasa-ƙasa, fitilarta ta ƙifta, ta ɗauke. Jikinta ya yi zafi kamar mai zazzaɓi. Ya bar ɗan makaranta yana jiran gyaran fuska ya ruga shagon mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shi. Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce batir ya kumbura ya ƙone mata ciki, ba sauran dabara. Irin batirin ma ba ya da shi, na waya kuma ba ya shiga. Ya ce ai abin da sauƙi, tunda an ce akwai safaya a gida. Mai aski ya yi godiya ya fito.

Ƙafafunsa ne suka kai shi gida, shi kansa bai san me ya je nema ba. Matarsa na ganin fuskarsa ta gane. Ta yi murmushi irin na wadda ranarta ta zo, ta ce shi ne har ya tayar da hankalinsa, ai don irin wannan ranar aka yi ajiya. Ta jawo kujerar nan da ta fi kowa sanin sirrin, ta taka, ta sauko da kwali, ta goge shi da gefen zaninta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ta buɗe ta tarar da gangar jiki fayau, ba gilashi, ba baki, ba batir, sai takardar bayani a ninke. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta rufe shi a hankali.

"Ashe gawa biyu gare mu a gidan nan," in ji ta.

Ta kira ƙaninta a waya. Ya ce yana can wata uwa duniya da kaya, ba zai iso ba sai tsakiyar mako.

Tsakanin gida da shago akwai kwana, a kwanar kuma akwai mai tebur, wanda ke sayar da alewa da ashana da sigari kara-kara. Tun da marigayiya ta zo, mutumin nan bai fasa gaishe da mai aski kowace safiya ba, bai kuma taɓa yi masa tayi ba. Haƙurinsa irin na ungulu ne. Labari ya riga ya kai masa, don mai gyaran waya ba ya riƙe magana. Ya tashi tsaye ya yi jaje yadda ya kamata, ya ce sai haƙuri, kowa da ranarsa. Sannan ya zaro kara ɗaya ya miƙa, ya ce ba sayarwa ba ne, na ta'aziyya ne. Mai aski ya ce riƙewa kawai zai yi, don yatsunsa su sami abin yi. Ya riƙe har bayan shago, wajen tankin ruwa. A can riƙon ya ƙare.

Abin takaicin, ko daɗi bai ji ba. Jiri ya kwashe shi, ya yi tari har da hawaye, amma sai da ya kai ta ƙarshe. Daga nan ya shiga wanka irin na marar gaskiya. Ya wanke hannu da sabulu, ya goge yatsu da sifirit, ya kuskure baki, ya shafa turaren bayan aski a gemu, ya bi wuyansa da hoda kamar yadda yake yi wa masu aski, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Da yamma ya iso ƙofar gida yana ƙamshi kamar shagon gaba ɗaya. Kwastan na nan a wurin aikinta. Ya durƙusa. Ta shinshina wuyan riga, ta shinshina gemu, ta ɗauki yatsun nan biyu ta daɗe a kansu.

"Baba, yau ka sa hoda da yawa," ta ce.

Ta saki hannunsa ta shige ciki. Ya jima a durƙushe a bakin ƙofa kafin ya iya tashi, kuma a wannan karon bai ɗora wa gashin aski laifi ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya, wadda har yanzu ke maƙale a bango tana jiran wadda ba za ta dawo ba. Ta bar kwalabe biyu na ruwan na'ana'a cike taf, marayu, ba mai shan su. Ta bar Ƙanwa, wadda ta ba da duk abin da ta mallaka ba a ko tambaye ta ba. Ta bar mai aski, wanda tun ranar bai sake kusantar kwanar mai tebur ba, ya cinye cingam ɗin da ya ishi ajin makaranta, ya gutsure tsinken sakace ba iyaka, yana yi wa almakashi tsawa, barci kuma sai dai ya gani a idon wasu. Ya gaji, gajiyar da ba ta aiki ba. Yana so a sani cewa kara ɗaya ce, yana kuma sane cewa da kara ɗaya ya fara tun farko.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi. Za a ɗauki gawa daga shago zuwa wurin mai gyaran waya, wanda ke tara matattun batura a wani gwangwani, don ya ce irin wannan ba a jefa ta a shara. Ƙanwa za ta zauna a gida har a sayo mata sassa. Duk wanda zai taho daga wajen gidan mamaciya ya bi ta bayan makaranta, ko da ya fi nisa, ba za a bi ta kwana ba. Iyali na godiya ga mai tebur, sun karɓi ta'aziyyarsa, suna kuma roƙonsa da girman Allah kada ya wahalar da kansa da zuwa.

Za a ci gaba da zaman makoki a shago har direba ya iso da sababbi biyu da tarin koyil, kuma an riga an yanke cewa kwalin safaya zai koma akwatin matar gida mai kwaɗo, makulli a wuyanta. Masu son yin ta'aziyya su daure su zo bayan cin abincin rana, don a lokacin ne abin ya fi cin mai makoki. Kada a kawo komai, sai kai. Mai gashi da marar gashi, wanda aka yi wa aski jiya ma ya dawo a ƙara masa, muddin hannuwan nan za su sami abin riƙewa. A yi haƙuri, ba za a sa wa kowa hoda ba, don mai aski ya ba da gwangwanin hodar ajiya a shagon maƙwabci. Da yamma zai rufe shago ya bi ta bayan makaranta, ya je ya durƙusa a bakin ƙofa da warin jikinsa kawai. Jiya Kwastan ta shinshina ta ce a dawo gobe.