Ranar da Na Dama Talge a Ɗakin Gwaji

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, lokacin ina karatun digiri na biyu a Aliero. Ko yanzu in ta faɗo mini a rai sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Aikina a kan wani farin gari ne da ake kira saikulodestirin. Daga sitaci ake samo shi, amma kowace ƙwayarsa kamar bokiti marar gindi take, da rami a tsakiya. Akwai kuma ferosin, sinadari mai launin lemo da ƙarfe a cikinsa, wanda ba ya shiri da ruwa sam. In ka haɗa su a ruwan ɗumi, ferosin sai ya shige ramin nan ya zauna. Shi ya sa muke ce musu mai masauki da baƙo. Da wannan dabara ake son kai magunguna masu ƙarfe cikin jiki ba tare da sun yi ɓarna a hanya ba.

Kwalba ɗaya tak ta farin garin nan muke da ita a sashenmu, sai da aka yi watanni ana jiran isowarta, kuma ni da wata ɗaliba, Balkisu, muka dogara da ita. Da rufin sito ya fara yoyo, malamarmu Dakta Hauwa'u ta damƙa mini ita.

"Ka aje ta ɗakinka. Amana ce fa."

A hanya kwalbar ta zame daga babur, murfin ya tsage. Ban gaya wa kowa ba. Na juye garin a wata tsohuwar robar madara, na ajiye kusa da 'yar'uwarta, wadda nake zuba sitacin wanki a ciki. Ban rubuta komai a jiki ba (wai ni mai ƙwaƙwalwa).

Ana nan aka gayyaci malaman kimiyya na sakandare daga Jega da Maiyama, aka ce ni zan nuna musu gwajin. Jajibirin ranar na wanke shaddata, na zazzage roba guda a ruwan zafi, na tsoma. Rigar ta bushe laƙwas kamar tsumma. Na yi ta tsine wa mutumin da ya sayar mini da sitaci a kasuwar Jega, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da safe ɗakin gwaji ya cika. A sahun gaba ga Malam Sahabi, wanda ya koya mini kimiyya a Maiyama, yana nuna ni yana cewa, "Wanga ɗalibina na." Na gyara tsayuwa, na zuba bayani har da Turancin da ba a tambaye ni ba. Na ce su zuba ido: garin zai narke ruwa ya yi garau, sannan baƙo ya shiga masaukinsa, wani gari rawaya ya kwanta a ƙasa.

Na zuba garin robar da na zo da ita a ruwa, na ƙara ferosin, na ɗora a wuta. Ruwan bai yi garau ba. Na ƙara wuta, na ci gaba da juyawa. Sai na ji sandar gilashin tana nauyi a hannuna. Abu ya yi kauri, ya fara ɓul-ɓul, ferosin kuwa na yawo a sama kamar an barbaɗa yaji.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na buɗe baki na ce, "Jama'a, da alama mun ci karo da wani sabon abu da kimiyya ba ta taɓa gani ba."

Wallahi haka na ce. Har mutum biyu suka tafa.

Wata malama daga Jega ta leƙo, ta shinshina. "Sabon abu? Wanga ai talge na. Saura ka kawo gari mu tuƙa."

Dakta Hauwa'u ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko aidin, ta ɗiga ɗigo ɗaya. Nan take abin ya rikiɗe shuɗi har baƙi-baƙi. Duk wanda ke ɗakin ya san ma'anar wannan, don gwajin da suke koya wa 'yan aji ɗaya ne. Sitaci ne tsagwaronsa.

"Ina garin da na ba ka?" ta tambaya a hankali.

Na dubi robar. Na dubi rigar da ke jikina. Ban san lokacin da na kama gefen rigar na ɗaga ba.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe. Sauran kuma na kwarara a bayan ɗaki."

Balkisu ta dafe kai ta ce, "Innalillahi!" Malam Sahabi ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin kujera, bai ɗago ba har aka watse.

Zango guda muka yi asara, ni da Balkisu, kafin wata kwalbar ta iso. Na ba ta haƙuri har na gaji da jin muryata. Ta yafe, amma da sabuwar ta zo, a jakarta take yawo da ita, cokali-cokali take auna mini, tana tsaye a kaina.

Tun daga ranar duk abin da na zuba a mazubi sai na rubuta sunansa, ko da gishiri ne a madafa. Abin ya ishi matata. Kwanaki na ɗauki hulata zan fita, na tarar ta manna mata 'yar takarda: "Hula. Ba a dafawa." Ban cire ba. Na san halina.