Kwalbar da Na Bari a Firijin Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da insifekta ya zo duba koyarwata ba. Ina sabuwar malamar kimiyya a wata lise, wato makarantar sakandare, a unguwar Tampouy, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni.

Darasin kuwa na haddace shi tsaf. Ƙwayoyin jiki suna ƙona sukari da oksijen, a samu ruwa da iskar kabon da ƙarfin da ake kira ATP, talatin da shida daga ƙwayar sukari ɗaya, yadda littafinmu ya ce. Don in burge (a nan na jawo wa kaina), na haɗa ruwan farar ƙasa a gida, a Zongo, na tace shi garau. In ka hura numfashi a ciki, iskar kabon takan mai da shi fari kamar nono.

Na tsiyaya a kofi, na sa tsinken shan lemo, na ce, "Ku zuba ido."

Na hura. Ruwa garau. Na sake hurawa, kumatu kamar balan-balan, har jiri ya fara ɗibata. Ɗalibai sittin suna danne dariya.

Sai na farga. Ruwan sha na ɗauko. Ainihin kwalbar tana firiji, mahaifiyata kuma da ruwan firiji take shan maganinta.

Na manta da insifekta, na zaro waya. Garin kiran Inna na taɓa lasifika (ban sani ba).

"Inna, kada ki sha ruwan kwalbar nan!"

"Mai baurin nan? Na kurɓa na tofar. Ke da karatunki duka, ruwa ma ba ki iya ajiyewa ba?"

Aji ya ɓarke da dariya. Ni kuwa na zauna a gefen tebur ina hamdala.

Insifekta ya share hawayen dariya ya ce, "Madam, Hajiya lafiya, shi ne babba. Kin dai nuna mana ruwa zalla ba ya canzawa. Sauran rabin gwajin zan dawo in gani."

Ya dawo, ruwa ya yi fari, aka tabbatar da ni. Yanzu ko man gyaɗa na zuba a kwalba sai na rubuta sunansa, da manyan baƙi.