Rasuwar Ɗan Abijan, Mawaƙin Mutum Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari babu mai ɗebe musu kewa, Surajo ɗan Malam Alƙasim, na tungar noma da ke gabas da Deule, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Buza da Madawa da Keita, da 'yan cin rani da ke Abijan, cewa rai ya yi halinsa. Abokin zamansa, ɗan akwatin kiɗan nan na ratayawa a ƙugu mai cin faifan sede, wato CD, wanda mai sayarwa ya kira baladar, mutanen gari kuma suka raɗa wa suna Ɗan Abijan, ya ce ga garinku nan bayan girbin geron bana, shekarar 1998. Damina ɗaya ya yi a ƙasar Adar, ita ma da ƙyar ya ga ƙarshenta.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa da babu wanda ya iya karanta sunanta a bayansa. Surajo ya haɗu da shi a kasuwar Ajame ta Abijan, ranar da ya je sayen tsarabar komawa gida. Gaskiya ba shi ya je nema ba. Kafin ya tafi cin rani, mahaifinsa bai roƙe shi riga ko bargo ba. Ya nuna masa tsohon radiyonsa da ya daina magana, ya ce, "Radiyo ɗai nika so, wanda ka kama Tawa da Yamai." Malam Alƙasim ba mai son kiɗa ba ne. Sanarwar mutuwa da ake karantawa bayan labarai yake saurare, don ya san gidan da zai je gaisuwa. A ganinsa, mutumin da aka yi wa abokinsa rasuwa bai taka ƙofar gidan ba, ya fita daga cikin mutane.

Radiyon ya zo hannun Surajo, har an fara naɗe shi a takarda. Sai mai shagon ya zagayo ya cusa masa wasu 'yan igiyoyi biyu a kunne, ya danna. Surajo ya ji kamar an shigar da shi tsakiyar makaɗa an rufe ƙofa, babu shuu ɗin kaset, babu zaren da zai harɗe. Ya tambaya ko abin yana kama Tawa, mai shagon ya yi dariya ya ce wannan ai ya wuce Tawa. Surajo bai nemi ƙarin bayani ba, domin ba ya son ya ji. Ya ajiye radiyon, ya rataya marigayin, ya fito yana takawa ɗaiɗai.

Cikin kyawawan halayen mamacin, na farko shi ne kunya. Bai taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba. A ƙasar nan kowa ya san yadda ake dawowa daga cin rani: mutum ya sabo ƙaton kaset a kafaɗa, ya dire shi tsakiyar fada, dandalin hirar samari, a ɗora shayi, har mata daga cikin gida su san ɗan wane ya dawo da ƙarfinsa. Samarin Deule sun taru haka, sun share wuri sun shimfiɗa tabarma. Surajo ya zaro musu wani abu da bai kai murfin ƙaramar tukunya ba. Aka riƙa zagayawa da igiyar kamar ludayi ɗaya a ƙwaryar fura, kowa ya ɗan kurɓa ya miƙa gaba, mai ji yana kaɗa kai, sauran suna kallonsa kamar wanda iska ta taɓa. Manya suka ce ba za su sa abin da ya fito daga kunnen wani a nasu ba. Kafin a zuba shayi na biyu fada ta watse.

Malam Alƙasim kuwa ya karɓe shi da hannu biyu, ya juya gaba, ya juya baya, ya nemi inda ake murɗo tasha bai gani ba. Surajo ya ce, "Baba, sai an saba da shi." Tsohon ya mayar masa da abinsa. Da ruwa ya sauka suka tare a tunga, su kaɗai da gonarsu, tsohon ya ci gaba da zama bayan magariba a kan buzunsa yadda ya saba, sai dai babu abin da yake saurare.

Hali na biyu shi ne natsuwa. Marigayin ba ya son garaje. In aka hau jaki da shi sai ya ce ƙit, ƙit, ƙit, ya tsaya cak. In aka hau moto kan hanyar Buza mai duwatsu, mawaƙin ciki ya kama kalma ɗaya ke nan yana je-je-je-je har a sauka. A gona, da Surajo ya sunkuya ya kai sara, sai a ji zirrr, a koma farkon waƙa. Abin da aka yi don yawo, shi ya koya wa mai shi tafiyar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Maƙwabtan gona sun shaida cewa kuyyar noman Surajo ta bana ita ce mafi ladabi a yankin, ciyawa ma ta ji daɗin zama a cikinta.

Ba za a ɓoye ba, yana da ci. Kuma ba ya cin manyan pil, wato batura, na cocila da ake samu kan kowane tebur, sai ƙananan nan da sai an je Buza. Saude, matar Surajo, ta gaji da shanya su a rana kan rufin rumbu don su farfaɗo, shi kuma ya cije su har haƙorinsa ɗaya ya ɓantare. Su kan ba shi rabin waƙa su sake suma.

Faifai ɗaya ya zo da shi. Surajo ya karaɗe kasuwar Buza da ta Madawa yana neman na biyu, ko'ina kaset ne tuli, masu sayarwa suna kallonsa da tausayi. Daga baya Ishaya, mai gyaran radiyo a Madawa, wanda ya koyi aikinsa a wajen masu kula da injuna na likitar mishan, wato asibitinsu, ya tono masa wani da wani bature ya bari. Ashe na koyon Jamusanci ne: namiji ya yi magana, a yi shiru, mace ta maimaita. A makon ne Saude ta ga faifan farko duk shatin yatsu da maiƙo, ta ji kunya a ce kayan mijinta ne, ta sa toka da soso ta dirje shi yadda take yi wa kwanoninta har ya yi fes. Tun daga ranar Surajo ya koma sauraron Jamusawan nan biyu. Kuma yana son abinsa, wannan babu ƙarya a ciki. In ya toshe kunnuwansa sai ya ji har yanzu shi mutumin birni ne da ya zo wucewa.

Ana cikin haka Mu'awiya na Garhanga ya rasu. Shi ne abokin Malam Alƙasim tun suna samari, tare suka taka zuwa Kumasi da ƙafa, tare suka dawo da zazzaɓi iri ɗaya. 'Ya'yansa suka kai sanarwa gidan radiyo, aka karanta, aka ambaci sunan Alƙasim na Deule cikin waɗanda ake sanarwa musamman. Ba su aiko ɗan aike ba, domin labari ya kai musu cewa ɗansa ya dawo daga Abijan da kayan sauti na zamani. Mutanen Deule da suka ji ma haka suka ɗauka. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ana duban hanya. A duk waɗannan ranaku marigayin yana kan aikinsa, yana koya wa Surajo yadda ake tambayar hanyar tasha da Jamusanci.

Gab da girbi tsohon ya je kasuwar Buza. Ya ga wani mutumin Garhanga, ya yi murna, ya sayi goro fari mai kyau ya ƙulle, ya ce a kai wa Mu'awiya, a gaya masa ya yi shiru da yawa. Mutumin ya gaya masa a gaban jama'a cewa Mu'awiya ya rasu, har an yi arba'in. Ya ƙara da cewa a Garhanga ana faɗin tun da ɗansa ya dawo daga Kwaddibuwa, ƙasar su Abijan, Alƙasim ya fi ƙarfin gaisuwar talakawa. Tsohon ya dawo tunga da goron a aljihu. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya daina yi wa Surajo magana, in akwai saƙo sai ya ba Saude, ko da ɗan yana tsaye a gabansa. Garhanga kuma ya kasa zuwa, don bai san da wace fuska zai shiga ba.

Nan ciwon ajalin marigayin ya samo asali. Kunya ta rufe Surajo. Ya ɗauki Ɗan Abijan ya kai wa Ishaya, ya roƙe shi ya dasa masa radiyo a ciki. Ishaya ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce, "Abokina, wanga ba a haihe shi da kunne ba, baki ɗai gare shi. Sai da shi ka sai ma tsoho radiyo." Sun zagaya kasuwar Madawa tare, ba su sami ko mai tayawa ba. Wani ya ce zai karɓi jakar fatar in za a cire abin da ke ciki.

Surajo ya dawo gida ya yanke shawarar yin aikin da kansa. Ya ciro tsohon radiyon mahaifinsa daga ƙarƙashin gado, ya fasa, ya jawo wayoyi ya ɗaura a cikin marigayin, ya aro batirin mota wajen mai injin niƙa don a ba su ƙarfi su biyun. Da hantsi ne, Saude tana riƙe da tsintsiya a bakin ƙofa. Marigayin ya juya faifansa da saurin da bai taɓa yi ba, ya ce zirrr, ya ce fat, wani siririn hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi ya fito ta gefensa. Bai sha wahala ba. Tsohon radiyon ma ya bi shi, wannan karon babu dawowa.

Ya rasu ya bar igiyar kunne guda, wadda ɓangarenta na hagu ya kurumce tun tsakiyar damina, da jakar fata mai lafiya ƙalau. Ya bar faifai biyu, ɗaya a dirje, ɗaya Bajamushe, da takardar bayani cikin harsuna da yawa da babu namu a ciki. Ya bar matattun pil cike da ƙwarya, kowanne da shatin haƙori. Ya kuma bar Surajo.

Samari da yawa da ke shirin tafiya cin rani sun aiko suna tambaya ko abin ya cancanci saye. Ba a faɗin aibin mamaci, saboda haka amsar ita ce ya cancanta ƙwarai, ga wanda yake zaune gari mai kuran, wato lantarki, da hanya mai kwalta, ba ya noma, ba ya hawan jaki, ba shi da abokan fada, kuma babu wani tsoho a gidansu da ke jiran jin wanda ya mutu. Duk wanda ya cika waɗannan ya saya, zai ji kiɗa mai tsabta irin wanda bai taɓa ji ba.

Game da jana'iza, ba za a yi masa wanka ba, bisa shawarar Ishaya. Za a sa shi cikin kwalinsa na asali. Faifan biyu an yi sadaka da su ga gonar dawa, an rataye su suna korar tsuntsaye, aikin da suka fi iyawa. Da farko an shirya rufe shi bayan rumbu ranar Alhamis, a karɓi gaisuwa a fadar Deule, kowa ya zo da sukarinsa. An sauya wannan shiri.

Dalili kuwa, Surajo ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, abin nan ya mutu. Na ƙona maka radiyo kuma." Ya sa rai Saude za a kira. Tsohon ya ajiye igiyar da yake tufka, ya dube shi ido cikin ido, karo na farko tun ranar kasuwar Buza.

"Ba a rufe shi nan," ya ce. "Garhanga za mu, ni da kai, da ƙafa. Kai ka ɗaukar shi."

Saboda haka gawa za ta tashi daga tunga ranar Alhamis bayan sallar asuba, ta bi ta kan duwatsu, Malam Alƙasim a gaba da sandarsa, Surajo a baya da kwali a ka. Za a sauke ta ƙofar gidan marigayi Mu'awiya, a gaban 'ya'yansa da duk wanda ya fito kallo. Surajo ya tambaya me zai ce musu in sun isa. Tsohon ya ce ba sai ya ce komai ba.

"Ka sa ma babban ɗan Mu'awiya igiyag ga ga kunne, ka danna mishi. Shi ji abin da nij ji ran da ubanai yar rasu."

Ba a buƙatar 'yan rakiya. Allah Ya ba masu rai haƙuri.