Yanar Idon Zakari

Zakari taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka tun muna yawo ba riga nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana da duk abin da ya zo bakinsa. Tela ne, ko in ce tela ne a da, kafin yanar ido ta rufe masa gani ya fara ɗinke wa mutane aljihu. Da ya ajiye keke sai ɗansa na Legas ya aiko masa da talabijin mai kala, wai ta ɗebe masa kewa. Ta ɗebe kewar, ta haɗa da hankalin.

Wasa biyu ne suka kama shi. Ɗaya na Turawa, na 'yan sandan ciki masu neman wanda ya yi kisa. Ɗaya na kudu, na bokaye da aljanu. Turanci ba ya ji, allon ma ba ya gani sai ya kusa manna hancinsa, amma duk Tarauni ba wanda ya kai shi sanin mai laifi.

Bara aka kashe wani attajiri a wasan Turawan. Zakari ya rantse doguwar matar nan ce da ke tsaye a lungun falo da faffaɗar hula, don tun da aka fara ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba, ba ta ko zauna an yi zaman makoki da ita ba. Okey, maƙwabcinsa mai gyaran rediyo wanda ke yi masa tafinta, ya yi ta sosa ƙeya saboda ganin girma. Ni da ba na ganin girmansa na ce masa fitila ce. Ya ce ƙarya nake. Bai rufe baki ba ɗan sandan ya zura hannu ƙarƙashin hular ya kunna ta. Zakari ya ce ko fitila ce, ai ta ga komai ta ƙi faɗa, a haɗa da ita.

To bana, soja sun koma bariki, ruwan damina bai gama wanke hotunan 'yan takara daga bango ba, sai ga 'yarsa Jummai a gidana a Gyadi-Gyadi, ido ya yi ja. Likita ya sa gobe za a cire wa babanta yanar, ya kuma ce in aka ƙara jinkiri idon dama zai tafi ba dawowa, na hagu kuma yana biye. Baba ya ce ba inda za shi. 'Ya'ya ba sa ɗaga masa murya. Liman ya yi nasiha, an ba shi shayi an rako shi.

"Gwaggo," in ji ta, "ke kaɗai ce za ki zage shi ya saurara."

Na ce ai ba ta taɓa kawo mini aiki mai daɗi irin wannan ba. Na ja mayafi na taka da ƙafata, don ba zan hau acaɓa saboda bawa ba.

Na same shi da hantsi a gaban talabijin, ba wuta. Ya zauna, ya tashi, ya murɗa makunni, ya leƙa ƙofa ya tambayi Okey ko an kawo, ya dawo ya sake murɗawa.

"Lafiya lau na kwana," ya amsa gaisuwata, "har zuwa yanzu da na ji muryarki."

"Tashi ka ba uwargijiyarka kujera."

"Ba a sauke tukunya ba tukuna. Kin yi sammako a banza."

Na zauna a kujerar tasa tun da ya tashi murɗe-murɗe. Na tambaye shi labarin Turawansa, don na san ta nan ake shiga. Nan take ya manta da faɗa. Ya ce mutanen nan ba su da ta-ido. Mutum ya mutu, maimakon a yi masa sutura a kai shi, sai a sa shi a durowa kamar yadin kwastoma, a yi ta jawowa ana leƙawa. Matar mamaci ba takaba, washegari ta shafa jan baki ta tuƙa mota. Shi kuwa babban ɗan sandan, ya shiga gidan mutane ba sallama, da takalmi har kan gado, kuma tun da aka fara wasan bai ga ya ci tuwo ko sau ɗaya ba, sai wani baƙin ruwa a kofi. Amma fa abu ɗaya ya yarda da su: kafin a tashi sai an kama wani. Mu nan sai dai a ce Allah ya isa, kowa ya kama gabansa.

Na ce to wannan karon wa ya yi kisan.

"Likita," in ji shi, ya ɗaga yatsa. "Kullum likita ne. Duk wanda ya sa farar riga yana yi maka magana a hankali, ya ce kwanta ba zafi, to ka yi wasiyya."

Na ce ashe nan aka nufa. Ya ce ba nan kaɗai ba. A wasan kudu akwai wani boka da ke tara idanun mutane a gora, in yana son ganin abin da ake yi a wani gari sai ya zaro ɗaya ya leƙa. Ya tambaye ni ina nake zaton bokan yake samo su, in ba a asibiti ba.

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Bokan da ya leƙa idon Zakari ba abin da zai gani sai koko. Zai jefar ne ya wanke gorar, ya je ya nemi wanda ya cuce shi.

Ya ce in yi ta magana, yanzu mulkin farar hula ake, ba mai tasa ƙeyar wani. Shi ɗan ƙasa ne, ya yi zaɓe. Na ce na ji labarin zaɓen, an miƙa masa takarda ya dangwala wa tebur, har yanzu teburin yana jiran a rantsar da shi. Ya ce sharrin Jummai ne. Ya sake tashi ya murɗa makunnin. Ya ce ban da haka ma, gobe ne za a nuna ƙarshen wasan, a san ko likitan ne, shi kuwa a ce yana kwance an naɗe masa fuska kamar dambun nama a takarda. A bari sai an gama. Na ce in wannan ya ƙare wani za a fara, Turawa ba sa gajiya da kashe juna.

Daga nan ya zauna a bakin gado, ya daina murɗe-murɗe. Ya tambaye ni ko na tuna babansa, Malam Ɗanladi. Na tuna. Wani mai magani ne ya zo garinmu da allura a kube, ya ce zai ture masa yanar. Ya ture yanar da idon gaba ɗaya. Zakari ne ya yi ta jan sandarsa har ya rasu.

"Yanzu ko ba komai ina rarrabe rana da inuwa," in ji shi. "In suka taɓa, wannan ɗin ma ya tafi fa?"

Na san in na tausasa murya ya gama da ni, don a wurinsa mai tausasa murya shi ne mai kisa. Sai na gyara zama na ce shi ke nan, kada ya je. Ni ma ya fi mini. Likita ya ce duhun na tafe ko an taɓa ko ba a taɓa ba, to in ya iso, ni zan zama idonsa. Duk ranar wasa zan taho daga Gyadi-Gyadi, in kori Okey, in zauna a wannan kujera, in ci tuwonsa, in riƙa faɗa masa abin da ake nunawa. In na ga dama in ce ɗan sandan ya auri bokan. In na ga dama in ce wanda aka kashe ya tashi yana sayar da rake a kasuwar Tarauni. Ba shi da yadda zai ƙaryata ni. Haka za mu yi har ɗayanmu ya mutu, kuma ya san dangin ubana ba sa mutuwa da wuri.

Ya juyo da fararen idanun nan wajena.

"Kowane mako?"

"Har da maimaici."

Sai ya ƙwala wa Jummai kira, wadda dama tana laɓe a bayan labule. Ya ce ta goge masa farar rigarsa, ta gaya wa Okey gobe ya kalli ƙarshen wasan da kyau, ya riƙe masa amana, kada ya bari wata tsohuwa ta Gyadi-Gyadi ta kusanci labarin. Jummai ta fita da gudu kafin ya sake shawara.

Na ce ya ga amfanin uwargijiya. In an buɗe idon, ni ya kamata ya fara gani ya durƙusa ya gode.

"Wannan shi ne abin da ya rage yana ba ni tsoro, Uwani," in ji shi. "Rabona da ganin fuskarki sosai tun kina da haƙora. Ki gaya wa likitan ya adana mini yanar a kwalba. In na buɗe ido na gan ki, a mayar mini da abata."

Dariya ta kama ni har mayafina ya zame. Yau kam bawa ya kayar da ni. Na kwance bakin zane na ciro farin goron da na ɓoye wa kaina, na danƙa masa a hannu.