Muryar Furera a Cikin Fijo

"...lafiya lau, sai gajiyar da ka ɗora mini," na ce, na zube a kan tabarmarsa ko takalmi ban cire ba.

Kakana ke nan, Alhaji Ɗantani, tsohon direban Jalingo zuwa Mutum Biyu. A zaurensa na Yelwa rakoda goma sha ɗaya ke jere kan kanta, irin manyan nan masu hannu da samarin da ke saɓawa a kafaɗa. Kullum sai ya goge su, amma ba wadda ke ko tari. A tsakar gida kuma Fijonsa ce zaune kan duwatsu shekara goma sha biyu. Kwana uku yana aikena neman bel ɗin rakoda, robar nan da ke juya kaset, saboda kaset guda: saƙon da marigayiya kakata Furera ta aika masa yana aiki a Gembu, tun waya ba ta zo ba.

"Ukasha, ina bel ɗin?"

"Tsoho, na je kasuwa, na je Sabon Gari, na je Magami. Wani mai gyara ya tambaye ni ko daga lahira aka aiko ni. Wani ya ce akwai dattijo a Sunkani mai irin kayan. Na hau mota na je."

"To?"

"An yi sadakar arba'in ɗinsa jiya. Na dai ci waina."

"Allah ya jiƙansa. Kai kuwa da ma cikinka ne kawai ke gama aiki. Makaranta ka baro ta a rabi, ɗinki a rabi, yanzu aike ma a rabi."

"Gado na yi. Ga motarka can ta tsaya a rabin hanya, kaji sun mai da ita asibitin haihuwa."

"Kul! Wannan motar ta hau dutsen Mambila da mutum tara da buhun masara huɗu, ba ta yi nishi ba. Motocinku na yanzu kuwa, akuya ta jingina da su sai a kira makanike."

"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani, ja'iri."

"To sha rakodar taka mu gani. Ni fa don matata nake wannan wahala, ba don kai ba. Kowa a Yelwa ya san ni Furera ke so. Kai haƙuri kawai ta yi da kai."

"Kai? Da wane sadaki? Majina ce kaɗai dukiyarka sa'ad da ta san ka."

"Amma ni take ɓoye wa ƙosai."

Ya ciro kaset ɗin daga aljihun gaba, ya juya shi a hannu, ya sa biro yana ɗan matse zaren.

"Shekara shida da rasuwarta," ya ce a hankali. "Fuskarta tana nan, ga hoto. Muryar ce ta fara ɓace mini. Jiya na yi na yi in tuna yadda take kiran sunana, na kasa."

Ban iya irin wannan maganar ba. Sai na ce, "Ba ta kiran sunanka ai. Direba take cewa."

"Uhm. A motar ma na fara jin kaset ɗin nan, a tashar Gembu, na kulle gilashi don kada yaran tasha su ji."

Na tashi zaune. "A motar? Rediyonta na cin kaset?"

"Ci? Bai taɓa cinye kaset ba tun da aka ƙera shi."

"Tsoho! Kwana uku ina gantali har Sunkani, abin yana tsakar gidanka? Rashin sani, kaza ta kwana kan dami!"

"Ba batir, sarkin wayo."

Na tsallaka gidan maƙwabcinmu Zacchaeus mai Keke Napep, na tarar ya dawo cin abincin rana. Ya ce minti goma kacal, fasinja na jira. Muka kori kaji, na kwashe ƙwai uku daga kujerar baya, Zacchaeus ya ciro batirin Kekensa ya haɗa da na motar. Wata 'yar fitila ta kama a gaban mota.

Tsoho ya zauna a bayan sitiyari, ya riƙe kaset ɗin a bakin rediyo, ya tsaya.

"In ya cinye fa? Shi ke nan ba wani."

"In ya cinye, na auro maka wata. Saka, hannuna ya gaji." Na riga na kunna ɗaukar murya a wayata, na kanga ta jikin lasifika.

Ya tura. Shuuu, sai kukan zakara na shekara ashirin da wani abu, sai ga ta, tar kamar tana bayan mota:

"Salamu alaikum, Direba. Muna lafiya. Wata uku ke nan, ko Gembu ta yi maka mata ne? To ka sani na yi sabon ango. Ranar Talata aka haife shi, an sa masa Ukasha. Ba shi da haƙori, ba shi da mota, amma kullum yana gida. In ka ga dama ka dawo."

Zacchaeus ya riƙe ciki. Ni kuwa na buga bayan kujera. "Ka ji da kunnenka! Shaida daga bakin mai ita!"

Tsoho yana dariya, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Na ji. Ka ci, ɓarawon mata." Ya zare makullin daga jikin mota ya danƙa mini a tafin hannu. "Ungo. Angon Furera ba ya yawo a ƙasa. Taka ce, har da kajin."

"Motar da ba taya?"

"Kai ma ba haƙori ta aure ka." Ya leƙa ta taga. "Zacchaeus, fasinjanka su ƙara haƙuri. Ango, mayar mana da kaset ɗin baya, daga inda ta ce Direba."