Kwamandan Kunnuwa

"Ku ba ni kwana uku! Kwana uku kacal. In kuka ƙara ganin ƙarfe a kunnen namiji a otal ɗin nan, ku canza mini suna!"

Mista Desmond Teoh ke nan, ranar Talata da safe, tsaye a kan akwatin lemo don a gan shi da kyau, saboda Allah bai ba shi tsawo ba, murya ya ba shi. Abokina, da ka ga mutumin nan da ka fara dariya tun bai buɗe baki ba. Gashi ya sha mai yana ƙyalli, taye ya shaƙe wuya, tumbi kuwa kullum shi yake riga shi shiga ɗaki. Wata biyu ke nan da aka kawo shi daga garin Ipoh, can ƙetaren teku, ya riƙe kujerar manajan otal ɗin nan mai hawa bakwai na bakin ruwa a garin Miri. Riƙo fa na ce. Ranar Asabar mai otal ɗin zai sauko daga ƙauyensu na saman kogi ya duba aiki. In ya gamsu, ya tabbatar masa da kujerar. In bai gamsu ba, gogan naka ya tattara komatsansa ya hau jirgi.

To shi a lissafinsa, abin da zai burge mai otal shi ne ya tarar da kunnuwan ma'aikata fes.

"Na yi aiki a Kuala Lumpur!" in ji shi, yana dukan ƙirji. "Na yi a Singapore!" A Singapore ɗin kwana huɗu ya yi, biki ya je. "Ko'ina namiji mai ɗan kunne ɗan iska ne ko makaɗi. Baƙo ya zo cin abinci ya ga ƙato da ado kamar amarya? Ba a ƙarƙashina ba!"

Jalong, shugaban masu kai abinci, ya ɗaga hannu. Mutumin kogin Baram ne, shekararsa goma sha ɗaya a otal ɗin, da ɗan ɗigon azurfa a kunnen hagu.

"Bos, wannan fa kakata ce ta huda mini tun ina goye."

"To ka gaishe ta. Ka ce mata manaja ya ce a toshe."

"Bos, ka taɓa ganin mai otal ɗin kuwa?"

"Ganinsa na me? Masu kuɗi duk tunaninsu ɗaya ne, ni kuma na haddace shi. Gobe kar in ga ɗan kunne!"

Kafin ya sauko daga kan akwatin, 'yan kicin sun raɗa masa suna Kwamandan Kunnuwa.

Laraba ta yi. Kwamanda ya fito rangadi, hannu a baya. Wallahi bai ga ɗan kunne ko ɗaya ba. Filasta ya gani. Maza goma sha tara, kowa ya manne kunnensa da farar filasta, wasu hagu, wasu dama, mai gasa kifi duka biyun. Ai cewa ya yi kar ya gani, bai ce a cire ba.

Yana cikin tunanin ko wannan nasara ce ko cin fuska, sai ga wata baƙuwa ta taho da 'ya'yanta uku, ta toshe musu kunnuwa da tawul.

"Kai ne manaja? Wace irin cuta ce ta shigo otal ɗin nan?"

"Cuta kuma, Madam?"

"Ma'aikatanka duk kunnuwansu sun ruɓe! A ruwan wanka ake ɗauka ko a abinci?"

Kafin azahar magana ta zagaye hawa bakwai. Tafkin wanka ya zama fayau, ba kowa. Iyali huɗu suka kama gabansu. Wani tsoho ya sauko cin abinci da hular sanyi har wuya, a wannan zafin namu na Miri. Mutum ɗaya ne ya ji daɗin ranar, mai kantin magani na tsallaken titi, wanda ya zo takanas ya yi wa Mista Teoh godiya, ya ce filastarsa ta shekara guda ta ƙare.

Alhamis da sassafe Kwamanda ya sake hawa akwati, idanu jajir.

"Ba filasta! Ba ɗan kunne! Kowa ya zo ya zuba nasa a nan!"

Ya ajiye gwangwanin biskit. Aka yi layi ana zubawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ya rufe, ya rungume abinsa kamar wanda ya ci kofi, ya tafi ofis yana fito.

Abin da bai sani ba, huji in aka bar shi haka nan toshewa yake yi, kuma ba wanda ya shirya asarar hujinsa saboda manajan riƙo. Sai kowa ya bi ta ɗakin cin abinci ya zari tsinken sakace ya soka. Da rana ta yi, tebur arba'in ba tsinke ko ɗaya, ma'aikata kuwa suna ta kai da kawo da tsinke tsaye a kunne kamar naman tsire. Wani attajiri ya gama da kwanon laksa, taliyar nan tamu mai romo, nama ya maƙale masa a haƙori, ya duba tebur babu, ya duba na kusa babu. Ya ɗaga kai ya ga Jalong ya sunkuyo yana zuba masa shayi. Bawan Allah bai yi wata-wata ba ya miƙa hannu ya zari na kunnensa.

"Yauwa! Wannan sabon salo ne? Madalla da manajanku."

Ihun da Mista Teoh ya yi har masu kamun kifi sun ji. Ya ɗauko matsefata ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, daga kicin zuwa ɗakin wanki, yana zare tsinke yana haki. Kafin la'asar dai ya yi nasara. Kunnuwa talatin da takwas, ba ƙarfe, ba filasta, ba tsinke.

Juma'a da safe ya shiga ofishin Kak Philomena yana tafiyar agwagwa. Ita ce sakatariyar otal, shekara talatin tana wurin, ta ga manajoji sun zo sun tafi, shi ya sa kowa ke ce mata Kak, wato Yaya.

"Kak, rubuta jawabin tarbar mai gida. Ki fara haka: Ranka ya daɗe, na tarar da otal ɗinka cike da 'yan iska masu huda kunne, na share maka su tas."

Kak Philomena ta tsaya cak. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Wa za ka karanta wa wannan?"

"Mai otal mana."

"Pui Usat?"

"Akwai wani ne?"

Kak Philomena ta jawo aljihun tebur ta zaro hoto ta ɗora masa a gaba. Wani dattijo ne yana yanka kintinkirin buɗe otal, yana murmushi. Fatar kunnuwansa ta sauko har kafaɗa, kowane kunne da curin tagulla kamar ƙwan agwagwa yana reto.

Abokina, ka taɓa ganin mutum ya tsufa a minti ɗaya? Kwamanda ya dubi hoto, ya dubi gwangwanin biskit, ya sake duban hoto.

"Kak... wannan... ado ne na ranar biki kawai, ko?"

"Da su yake kwana, da su yake tashi. A wurinsu alamar ɗan babban gida ce. Kuma Jalong jikan ƙanwarsa ne."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ka taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana?"

Mai hankali da sai ya mayar wa mutane kayansu, ya ba da haƙuri, ya yi shiru. Amma Kwamanda ai ba ya yin abu rabi-rabi. Minti goma bayan nan yana kan akwatin lemo.

"Sabuwar doka! Daga yau duk namijin da ke aiki a nan dole ya sa ɗan kunne! Wanda ba shi da huji ya je ya yi!"

Pak Haji Bujang, direban otal, mai shekara sittin da biyar da farin gemu, ya tako gaba a hankali.

"Har da ni, Bos?"

"Har da kai, Pak Haji."

"Sau biyu na je Makka da kunnuwan nan yadda Allah ya yi su. Zo ka huda da kanka. Ga ni tsaye."

Kwamanda ya dubi damtsen Pak Haji, ya ce dokar ba ta shafi direbobi ba.

Daga nan ya yanke shawarar da ta fi kowace. Tunda mai gida na son ɗan kunne, to manaja zai fi kowa. Ya faɗa mota sai kasuwa. A wani shagon kayan kwalliya wata budurwa ta ɗora masa bindigar huji, ƙyas, ƙyas, ya yi ƙara har mai gadi ya leƙo. Da hawaye a ido ya wuce rumfar wata tsohuwa mai sayar da kayan mutanen saman kogi.

"Inna, ba ni irin na manya."

Ta ɗauko masa curi biyu na tagulla, irin na cikin hoton.

"Wannan? Ɗaya-ɗaya? Ni manaja ne fa!" Idonsa ya kai kan wasu zobba manya-manya da aka rataye a ƙusa, dami guda. "Waɗancan nake so. Ashirin hagu, ashirin dama."

"Ɗana, waɗancan ai..."

"Kar ki koya mini al'ada, Inna. Na karanta ta a littafi."

"Ai ba a rana ɗaya ake..."

"Naɗe mini!"

Ta naɗe masa. Yana juya baya ya ji ita da maƙwabciyarta sun fashe da dariya, ya ce a ransa murnar ciniki ce.

Hujin bindiga ko allura da ƙyar take shiga, balle zobe mai kaurin yatsa. Sai gwanin ya samo zaren kamun kifi, ya zura a hujin, ya ɗaure damin zobba, ya zagayo da sauran zaren ta saman kunne. Abin da mutanen kogi suke yi a shekara hamsin, shi ya yi a minti ashirin.

Asabar da hantsi ma'aikata suka jeru a ƙofar otal, kowa da ɗan kunnensa ya dawo mazauninsa. Sai aka ji wani sauti daga ciki, kacau, kacau, kacau, kamar an saki akuya mai ƙararrawa. Kwamanda ne. Kunnuwa sun kumbura sun yi jajir kamar tumatir, wuya ya sandare, ba ya iya waiwaye sai dai ya juya gaba ɗayansa. Gumi na zuba, amma baki a washe. Jalong ya cusa tawul a baki. Kak Philomena ta koma bayan tukunyar fure, kafaɗunta na rawa.

Mota ta tsaya, Pak Haji ya buɗe ƙofa. Pui Usat ya sauko, ɗan tsamurmurin tsoho da sanda, curinsa biyu na reto a kafaɗa. Kwamanda ya tako gaba, ya rusuna, zobba suka yi gaba suka ja kunne, ya ce "wash!" ya miƙe da sauri.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa! Ni ne Desmond Teoh, masoyin al'ada tun ina cikin zanin goyo. Kullum ina gaya wa yaran nan, namiji ba ɗan kunne ai bai cika namiji ba!"

Tsoho ya zagaya shi sau ɗaya. Ya sa kan sanda ya taɓa zobban, kacau. Ya ƙirga su da yatsa. Sannan ya juya ya yi wa Jalong magana da yarensu, Jalong ya durƙushe yana riƙe ciki.

"Me ya ce? Jalong, me ya ce? Ya yaba?"

"Bos... cewa ya yi... jikokinki nawa?"

Pui Usat ya gyara tsayuwa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Ɗana, zobba irin waɗannan na mata ne. A gidanmu mace take tara su, kaɗan-kaɗan, tun tana yarinya har ta tsufa. Mahaifiyata ta rasu tana da shekara tamanin da bakwai, nata ba su kai naka yawa ba."

Dariyar da aka danne tun Talata ta ɓalle. Har baƙi na saman bene suna tafi. Pak Haji kuwa dama a hanya ya zayyane wa tsohon komai, tun daga filasta har tsinke.

"Jalong," in ji Pui Usat, "daga yau kai ne manaja."

Kwamanda ya zube a gwiwa, kacau!

"Ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri! Kar ka kore ni! Kowane aiki ne zan yi, wallahi kowane iri!"

Tsoho ya dube shi, da alama tausayi ya kama shi.

"Ba zan kore ka ba. Dama muna neman wanda zai riƙa tsayawa a ƙofar nan da kayan gargajiya, baƙi suna ɗaukar hoto da shi. Ƙanwata ce take yi, ƙafa ta hana ta. Ka fara yau."

"Na gode, ranka ya daɗe! Na gode! A kawo mini garkuwa da takobi da hular jarumai!"

"Takobi kuma?" Pui Usat ya sake duban zobban, ya girgiza kai, ya juya wajen sakatariya. "Philomena, a nemo wa Kaka zani."