Yadda Za Ka Fitar da Ƙauyenku Daga Haɗakar Motar Kankana

Idan zuciyarka ta daɗe tana raya maka cewa ƙauyenku ya fi ƙarfin zama cikin kowace ƙungiya, to ka kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, muddin ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin sati uku za ku fita. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya kasa fita ba. Abin da ke biyo bayan fitar kuwa wani fanni ne daban, ba shi na karanta ba.

Malaminmu a wannan darasi shi ne Malam Abdulmumin na Marken Gabas, ƙauye na ƙarshe a kan wata hanyar burji da ta taso daga Gaya ta nufi bayan Toranke. Ƙauyuka bakwai ne a kan hanyar, kuma shekara ashirin ke nan suna cikin abin da suke kira Haɗaka: mota ɗaya mai bodin katako da ke kwashe kankanarsu ranar kasuwa, rumfa ɗaya a kasuwar Gaya, sannan babu mai tare kayan wani a hanya. Zaman lafiya ake yi, irin wanda ke gundurar mutum mai basira.

Mataki na ɗaya: Ka toshe wa kanka hanyar komawa

Mai abin da zai koma ya ci ba ya yin gwagwarmaya da zuciya ɗaya. Shi ya sa bana Malam Abdulmumin bai shuka gero ko ƙwaya ɗaya ba, ya bi gonar gadonsa kaf ya zuba kankana. Matarsa Hure ta tuna masa cewa rumbu ya kusa ƙasa, kuma ita dai tun da take ba ta taɓa jin an tuƙa tuwon kankana ba. Ya ce mata idan kankanar nan ta isa Gaya, da buhunan gero zai dawo, sai ta rasa inda za ta zuba.

Ka riƙe wannan da kyau: abincin gidansa na shekara yana kwance a gona, yana nuna, kuma ƙafarsa ɗaya ce tak zuwa kasuwa, wato motar Haɗaka. Da ita za mu yi faɗa.

Mataki na biyu: Ka nemo abin da zai ƙona maka rai

Ba sai babba ba. Ƙaramin abu ya fi daɗin hurawa.

Da yake Marken Gabas ne ƙarshen hanya, daga nan Kamilu direba yake fara lodi. Ma'ana kankanarsu ce a ƙasa, ta sauran ƙauyuka shida a kanta. Kowace tafiya akan samu uku ko huɗu sun fashe, kuma shekara ashirin mutane na shanye ruwan su yi hamdala. Sai ranar da Malam Abdulmumin ya tsaya a bayan mota yana kallon lodi, ransa ya ɓaci. Ya gane cewa ba lodi ake yi ba, mulkin mallaka ne.

Mataki na uku: Ka samo magana gajera wadda ba ta da amsa

Doguwar hujja tana buƙatar mai sauraro ya zauna. Gajera kuwa ko a kan babur ana iya jefa ta. Malam Abdulmumin ya je teburin mai shayi da sassafe, ya bari kowa ya kai kofi baki, sannan ya ce, "Jama'a, har yaushe kankanarmu za ta ci gaba da goya kankanar wasu?"

Wani dattijo da bai taɓa noma kankana ba a rayuwarsa ya ajiye kofi ya share ƙwalla. Kafin azahar an rubuta "Kankanarmu a Sama" da gawayi a bangon injin niƙa.

Ka lura, waɗanda ba su da kaya a motar su ne za su fi kowa zafi. Ka riƙe su hannu biyu, su ne jarinka.

Mataki na huɗu: Ka bar abokin hamayya ya zo da gaskiya, kai ka zo da murya

Dole a yi muhawara, don kada a ce an yi danniya. A Marken Gabas an yi ta a gindin marken da ya ba garin suna. Mai kare zama cikin Haɗaka shi ne Malam Hafizu, tsohon malamin firamare, mutumin kirki mai mugun ciwo guda ɗaya: idan aka yi masa tambaya sai ya amsa ta.

Malam Hafizu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce wanda aka fara yi wa lodi bai taɓa rasa wuri ba, alhali ƙauyen da ake yi wa lodi a ƙarshe sau da yawa ana barin kayansu a bakin hanya. Ya ce kankana ba gero ba ce, ba ta jiran a gama fushi. Ya ce ko ta fuskar 'yanci ma, a cikin Haɗaka suna da kujera ɗaya cikin bakwai, idan suka fita kuma za a ci gaba da yanke hukunci a kan hanyar da suke bi, ba tare da ko tarinsu an ji ba. Ya yi kusan awa ɗaya yana magana, har akuyoyi suka gaji suka tashi.

Malam Abdulmumin ya miƙe, ya gyara hula. Ya ce shi bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san ƙasa ya san sama. Ya ce da zarar sun fita, manyan dillalai daga Legas za su riƙa layi a ƙofar garin, wataƙila ma har da na Dubai, domin kankanar da ba a taɓa danne ta ba zaƙinta daban ne.

Malam Hafizu ya tambaye shi a hankali, "To Malam, ranar kasuwa mai zuwa, a me za ka kai taka?"

"Wannan tambayar masu tsoro ce," in ji Malam Abdulmumin. Aka yi tafi har da fito.

Ka haddace wannan amsar. Tana shiga kowace tambaya, kamar hular saƙa.

Mataki na biyar: Ka bar wa jama'a zaɓi, kai ka zaɓi wurin tsayuwa

An yarda a yi ƙato bayan ƙato, ƙarfe ɗaya na rana. Malam Abdulmumin, cikin tawali'u, ya ce shi ba ya son wahalar da kowa, masu son fita su yi layi a nan gindin marke kawai. Masu son zama kuma ga fili can, wajen turken jakai.

Rana ta yi aikinta. Wasu sun fara a layin Malam Hafizu, da gumi ya kai musu ƙugu sai suka sake nazari. Da aka ƙirga, masu fita sun yi rinjaye da mutum uku. Biyu daga ciki masu tallan goro ne daga Gafasa da suka tsaya hutawa, na ukun kuma barci yake yi a tsaye. Malam Hafizu ya ɗaga hannu zai yi ƙorafi, aka ce masa jama'a sun riga sun yi magana, kuma raina muryar jama'a ba halin dattijo ba ne.

Mataki na shida: Ka je ka nemi duk abin da ka bari

Washegari Malam Abdulmumin ya sa babbar riga ya tafi wurin shugaban Haɗaka, Alhaji Maikuɗi, don a tsara sabuwar dangantaka. Buƙatunsa ba su da yawa: mota ta ci gaba da zuwa, rumfa ta ci gaba da karɓarsu, kayansu su hau sama, sannan kada a sake kiransu taro ko aikin gayyar gyaran hanya.

Alhaji Maikuɗi ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo masa ruwa. Sannan ya ce Haɗaka na mutunta hukuncin mutanen Marken Gabas matuƙa, shi ya sa daga yau motar za ta riƙa juyawa daga ƙauyen da ke gabansu. Amma saboda zumunci, baƙo na iya kawo kayansa zango na ƙarshe kafin Gaya, idan wuri ya ragu a ɗora masa a sama. Sai dai kayan waje dole a duba lafiyarsu a kowane ƙauye da suka ratsa.

Malam Abdulmumin bai ji komai ba sai kalmar sama. Ya dawo gida ya ce wa Hure an yi nasara. Ta tambaye shi ko nasarar za ta kai su kaka mai zuwa, ya ce mata harkar ƙasa da ƙasa ba ta cikin gida ba ce.

Mataki na bakwai: Ka rungumi bincike, alamar cikakken 'yanci ce

Ranar kasuwa ya ari amalanke da shanu biyu, ya loda abin da ta iya ɗauka, wanda bai kai ɗaya bisa goman gonar ba. A ƙauye na farko ya tarar da igiya a gicciye da kwamitin mutum uku a kan benci. Dokar duba kankana ita ce a ƙwanƙwasa kowace ɗaya a kasa kunne. Shugaban kwamitin kunnensa ɗaya ne ke aiki, don haka kowace sai an ƙwanƙwasa ta sau biyu. Wadda aka yi shakkarta a fasa a ɗanɗana. Abin mamaki, manyan ne suka fi jawo shakka.

Haka aka yi a ƙauye na biyu, da na uku. A na huɗu aka samu saɓani tsakanin 'yan kwamiti kan ko wata kankana ta ce "kum" ne ko "kam", sai da aka aika a kira liman. Waɗannan fa duk mutanen da ya sha zuwa sunan 'ya'yansu ne, kuma kowa sai ya gaishe shi da girmamawa, ya tambayi iyali, sannan ya zaro wuƙa.

Idan ka ji ranka ya fara ɓaci a wannan matakin, ka tuna cewa da can ba wanda ya damu ya saurari kankanarka.

Mataki na takwas: Ka hau sama

Ya iso zangon ƙarshe bayan la'asar. Motar ta riga ta kai lodi biyu ta dawo kwasar ragowa, kuma ta cika har ta yi tozo. Kamilu direba ya dube shi da tausayi na gaske, ya ce, "Baba, wallahi wurin guda tara ne ya rage, shi ma sai ka hau ka riƙe su da kanka."

Ya hau. Ya zauna a ƙololuwa, biyu a hammata, uku tsakanin cinyoyi, sauran ya tare su da ƙafa da addu'a. Daga nan sama ya hango abin da ya ƙara masa zafi: an kafa katakai hawa-hawa a cikin motar, ba kankanar da ke danne wata. Kamilu ya ce ai a taron satin jiya aka yanke hakan, bakin mutum shida, ba wanda ya ƙi.

Sauran labarin gajere ne. Hanyar burji ba ta san 'yanci ba. Kowane rami ya karɓi rabonsa, ya isa Gaya da guda biyu, ya tarar 'yan kasuwa na naɗe tabarmi. Rumfar Haɗaka kuma ta 'yan Haɗaka ce. Ya tsaya a bakin kwata da kankana biyu a hannu, ba ɗan Legas, ba ɗan Dubai.

Cikin kwana goma gonar ta nuna gaba ɗaya, ta wuce nuna, ta fara magana da hanci. A teburin mai shayi ya bayyana cewa bana, karo na farko a tarihi, babu kankanar Marken Gabas ko ɗaya da ta fashe a ƙarƙashin ta wani. Gaskiya ya faɗa. Amma ba a yi tafi ba, shi ma kuma muryarsa ba ta fita sosai ba.

Mataki na tara: Idan an ajiye maka abinci, ka ci, kada ka yi tambaya

A nan ne malaminmu ya yi kuskurensa guda ɗaya, don haka ka buɗe kunne.

Ranar da ya leƙa rumbu ya ga ƙasa tsura, ya daɗe a tsaye. Tsoro ya kama shi, irin wanda ba a kai shi teburin mai shayi. Ya shiga gida yana lissafin bakin da zai fara yi wa bayani, sai ya tarar Hure ta ajiye masa tuwo mai zafi da miyar kuka. Maimakon ya yi bismilla, sai ya tambayi inda aka samo gero.

Hure ta ce ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta ba su fasa zuwa Gaya ba ko sati ɗaya. Ita da sauran matan garin suna miƙa wa 'yan uwansu na ƙauyen gaba ta kan katangar gona, motar ta ɗauka, ta dawo musu da hatsi.

Ya ce, "Motar Haɗaka? Ai mun fita."

"Ku kuka fita, Malam," in ji Hure, tana gyara masa murfin kwano. "Ranar da kuka yi layi wa ya kira mu? Mu ba a tambaye mu ba, muna nan ciki."

Ya dubi tuwon, tuwon Haɗaka ne tun daga gero har gishiri. Ya duba ƙofa ko akwai mai kallo. Sannan ya wanke hannu, ya ci, ya suɗe kwanon, ya tambaya a hankali ko akwai saura.

Togaciya

Marubucin wannan jagora bai taɓa noma kankana ba, ba ya cikin kowace haɗaka, kuma ranar zaɓe yana gindin marke ne saboda rana kawai. Duk wanda ya bi matakan nan ya fita, to alkawari ya cika, ni da shi babu sauran magana. Warin gona, ciwon hammata, da kallon da matarka za ta riƙa yi maka lokacin cin tuwo, duk naka ne kai kaɗai. Masu neman jagorar komawa ciki kuma su nemi Malam Hafizu, har yanzu yana amsa tambaya.